Dayosis ɗin Boston a 2002: Yadda Takardun Cikin Gida Suka Riƙa Ƙaryata Sanarwar Waje

A farkon Janairun 2002, 'yan jaridar Boston Globe sun nemi jin ta bakin babbar dayosis ɗin Katolika ta Boston, wato hukumar majami'un yankin da ke ƙarƙashin babban bishop, a jihar Massachusetts ta Amurka, kafin su buga wani dogon rahoto a kan wani fada mai suna John Geoghan, wanda ake zargi da lalata da yara. Mai magana da yawun dayosis ta ce musu Kadinal Bernard Law, shugaban dayosis, da sauran shugabanni ba za su amsa tambaya a kansa ba, kuma cocin ba shi ma da sha'awar jin ko mene ne tambayoyin. Jaridar ta saka wannan amsa yadda take a cikin rahoton da ya fito ranar Lahadi, 6 ga Janairu. Ranar 13 ga Disamban shekarar, Fafaroma John Paul na Biyu ya karɓi murabus ɗin Law.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu dayosis ba ta yi shiru ba. Ta kira taron manema labarai, ta fitar da wasiƙu, ta ba da haƙuri fiye da sau ɗaya. Abin da ya kashe maganarta shi ne, kowace sanarwa an yanka ta ne daidai girman abin da ya riga ya fito fili, ba daidai girman abin da ke cikin fayil ba. Da zarar wata takarda ta ƙara fitowa daga kotu, sai sanarwar jiya ta zama shaida a kan wanda ya yi ta.

Abin da aka sani, da lokacin da aka san shi

An naɗa Geoghan limami a 1962. Daga baya mutum fiye da 130 suka zarge shi da yin lalata da su suna yara. Ya fi kusantar gidajen da ke fama da rashi, inda uwa ke ɗawainiya da yara da yawa. Sai ya zo a matsayin mai taimako, ya kai yara shan askirim, ya tsaya yi musu addu'ar kwanciya. Iyaye suna murna fada ya shigo gidansu.

A 1980 ya amsa cewa ya taɓa yara maza 7 na dangi ɗaya. Aka ba shi hutun rashin lafiya, sannan aka tura shi wata majami'a. A 1982 wata mata daga dangin ta rubuta wa Kadinal Humberto Medeiros, shugaban dayosis na lokacin, tana kukan cewa an shawarce su su ja bakinsu wai don kare yaran, alhali ga mutumin nan yana yawo cikin yara. Law ya karɓi dayosis a 1984. A Satumban shekarar aka sake kai ƙorafi, ya cire Geoghan daga majami'ar da yake, amma zuwa Nuwamba ya tura shi majami'ar Santa Julia da ke Weston, inda aka ba shi kula da ƙungiyoyin matasa, har da yaran da ke hidima a bagadi. Wani mataimakin bishop, John D'Arcy, ya rubuta wa Law a Disamba yana jan hankalinsa ga tarihin mutumin. Ba a janye shi ba. Sai a 1993 aka raba shi da aikin majami'a, a 1998 kuma aka tuɓe masa rigar limanci.

A duk tsawon waɗannan shekaru, iyayen da ke cike kujerun waɗannan majami'u ba a gaya musu komai ba. Idan an ɗauke fada, sai a ce ya tafi jinya ko an yi masa canjin wurin aiki. Waɗanda suka kai kuka kuwa, yawanci lauyoyi kan zauna da su a yi sulhu a wajen kotu, a biya diyya, a sa hannu kan alkawarin rufe baki. Wannan ma salon sadarwa ne, kuma shi ne wanda dayosis ta fi ƙwarewa a kai: mutum ɗaya-ɗaya, a ɗaki, kowa yana zaton shi kaɗai abin ya shafa.

An taɓa samun damar canza hanya. A 1992 maganar James Porter, tsohon limami a maƙwabciyar dayosis ta Fall River da aka zarga da lalata da yara, ta cika kafafen labarai. A wani taro a Boston, Law ya nuna fushinsa ga yadda ake ta yayata batun, har ya ce yana kiran ikon Allah a kan kafafen labarai, musamman Globe. A Janairun 1993 dayosis ta fitar da rubutacciyar manufa kan irin waɗannan zarge-zarge. Jama'a suka ɗauka an gyara. Manufar ta bar binciken a hannun cocin, kuma sulhun sirri ya ci gaba.

Yadda allura ta tono garma

A tsakiyar 2001, a cikin wata amsa da lauyoyinsa suka shigar kotu, Law ya yarda cewa tun 1984 an sanar da shi zargin da ya shafi yaran nan 7. Sai ya yi bayani a Pilot, jaridar dayosis, cewa bai taɓa yunƙurin ɗauke matsala daga wani wuri ya kai ta wani ba. Lauyansa ma ya rubuta cewa duk inda aka tura Geoghan, sai da likitoci suka duba suka ce babu laifi. A daidai wannan lokaci Martin Baron ya kama aikin editan Globe, ya sa jaridar ta nemi kotu ta buɗe takardun shari'ar da aka rufe. A Nuwamba mai shari'a Constance Sweeney ta amince. Dayosis ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba.

Wato tun kafin rahoton 6 ga Janairu, shugabannin sun san dubban shafuka na nan tafe, kuma sun san abin da ke cikinsu fiye da kowa, tunda su suka rubuta su. Suna da makonni da za su iya tara mabiyansu su ce: ga abin da muka yi, ku ji daga bakinmu kafin ku karanta a jarida. A ganina nan ne aka yi asarar da ba a sake mayarwa ba. Sun kashe waɗannan makonni ne wajen neman kada takardun su fito.

Ranar 9 ga Janairu Law ya tsaya gaban manema labarai. Ya ba da haƙuri, kuma mutane da yawa da suka kalle shi sun ga alamar abin ya taɓa shi. Amma a duba yadda aka gina maganar. Ya ce an yanke shawarwari kan wuraren aikin Geoghan waɗanda, idan aka waiwaya, kuskure ne mai ban takaici, kuma an yanke su ne da kyakkyawar niyya bisa ra'ayin likitoci. "An yanke." Wanda ya yanke ɗin yana tsaye a gaban makirfo, amma jimlar ba ta da mai aikatawa. Sannan ya ce daga yanzu za a riƙa kai sababbin zarge-zarge ga hukuma, ban da na baya. Ya kuma ba da tabbacin da ya zame masa ƙarfen ƙafa: iyakar saninsa, babu wani limami da ke bakin aiki a dayosis wanda ya taɓa lalata da yaro.

Ginshiƙan nan uku, babu wanda ya kai wata guda a tsaye. Globe ta gano cewa daga cikin likitocin da aka dogara da su, ɗaya likitan iyali ne, ɗayan kuma likitan ƙwaƙwalwa ne da ba fanninsa ba ke nan. Zuwa 24 ga Janairu Law ya sauya magana, ya ce za a miƙa wa masu gabatar da ƙara sunayen waɗanda aka zarga a baya ma. Ranar 31 ga wata jaridar ta ruwaito cewa cikin shekara 10 da suka gabata, dayosis ta yi sulhun sirri kan zarge-zargen da suka shafi limamai aƙalla 70. A makon farko na Fabrairu kuma aka dakatar da limamai 8 da ke bakin aiki, bayan an koma an duba fayilolinsu. Wannan na nufin ɗayan biyu: ko Kadinal ya san da su ya faɗi akasin haka, ko kuma ya ba jama'a tabbaci kan tsaron 'ya'yansu ba tare da an buɗe durowar da ke ofishinsa ba. Ga uwar da ɗanta ke hidima a bagadi, na biyun bai fi na farkon sauƙi ba.

Harshe biyu

Abin da ya fi ƙona ran mabiya a cikin takardun ba kwanan wata ba ne, sautin muryar ne. A Disamban 1996, bayan duk abin da aka sani, Law ya rubuta wa Geoghan wasiƙar amincewa da ritayarsa. Ya ce masa rayuwarsa ta hidima ta yi amfani, sai dai abin baƙin ciki rashin lafiya ta tauye ta. Ya rufe da cewa, "Allah ya yi maka albarka, Jack." Muryar uba ce ga ɗansa, da sunan gida, da tausayi.

A ajiye wannan gefe guda, a ɗauko wata takardar. A Afrilun 2002, a shari'ar da ta shafi wani limamin, Paul Shanley, lauyoyin Kadinal sun shigar da amsar da ke cewa sakacin masu ƙara ya taimaka wajen cutar da suke kuka a kanta. Masu ƙarar su ne wani matashi da iyayensa, kuma yana ɗan shekara 6 lokacin da ya ce abin ya fara. Masana shari'a sun ce jimla ce da lauyoyi kan jefa a kusan kowace amsa ta irin wannan ƙara, kuma haka ne. Amma takardar da sunan makiyayi ta fita. Mai karatu bai ga lauya ba, ya ga bishop yana cewa yaro ɗan shekara 6 yana da nasa kason laifin. Duk wanda ya riƙe takardun nan biyu a hannu ya gane inda taushin zuciyar cocin ya tafi da inda taurin ya tafi, kuma babu sanarwar manema labarai da za ta goge wannan.

Fayil ɗin Shanley da aka baje a bainar jama'a ranar 8 ga Afrilu ya ƙara nuna wani abu: ba mabiya kaɗai aka ɓoye wa ba, har da sauran dayosis. A 1990 wani mataimakin bishop na Boston ya rubuta wa dayosis ɗin San Bernardino a Kalifoniya cewa Shanley limami ne mai kyakkyawan matsayi, alhali akwai ƙorafe-ƙorafe a kansa tun shekarun 1960. Bayan kwana huɗu Law ya aika wa limamansa wasiƙa yana cewa zai ci gaba da riƙe kujerarsa, ya kuma ce lamarin Shanley ya nuna yadda adana bayanansu ya gaza. Mutane sun kasa haɗiye wannan, domin bayanan da ake cewa ba a adana ba, su ne aka haska a bango shafi bayan shafi.

A watan Maris an sanar da sulhu da mutum 86 da suka kai ƙarar Geoghan, na tsakanin dala miliyan 15 zuwa 30. A farkon Mayu majalisar kuɗi ta dayosis ta ƙi amincewa da shi. Daga baya, a Satumba, aka daidaita a kan miliyan 10. Ko da majalisar tana da hujjar lissafi, ga waɗanda aka cuta saƙon guda ne: an sake yi musu alkawari an saɓa.

Wa ake yi wa magana?

Idan aka bi sanarwar dayosis a wannan shekara, za a ga kusan duk an rubuta su ne ana kallon alƙali da ɗan jarida. Waɗanda suka fi cancantar a fuskance su, wato waɗanda aka cuta da kuma mabiyan da ke zuba baiko kowace Lahadi, su ne na ƙarshe a layi. Da ba a yi musu magana ba, sai suka fara yi wa juna. Wasu 'yan tsiraru suka fara haɗuwa a ɗakin ƙasa na wata majami'a a Wellesley, suka kafa ƙungiyar Voice of the Faithful, da taken riƙe bangaskiya tare da gyara coci. Zuwa Yuli taronsu a Boston ya tara mutum kusan 4,000. Waɗannan ba abokan gaba ba ne. Malaman katikizim ne, da mawaƙan coci, da dattawan da suka tsufa a cikin coci. Dayosis ta ɗauke su a matsayin barazana, har ta ƙi karɓar gudummawar da suka so bayarwa ta asusunsu.

A sama kuwa magana tana ta canzawa. A Afrilu Fafaroma ya kira kadinal-kadinal na Amurka zuwa Roma, ya ce babu gurbi a limanci ga masu cutar da yara. A Yuni bishop-bishop na Amurka suka taru a Dallas suka amince da yarjejeniyar kare yara, wadda ta tanadi cire limami daga aiki ko da sau ɗaya aka tabbatar da laifin, da kai rahoto ga hukuma, da daina alkawarin rufe baki sai idan wanda aka cuta ne ya nema, da kuma yin magana da jama'a a fili, musamman majami'un da abin ya shafa.

Sai ranar 3 ga Nuwamba, a babbar majami'ar Holy Cross, bayan ya zauna da wasu daga cikin waɗanda aka cuta ya saurare su, Law ya faɗi jimlar da bakinsa: ni na tura limaman da suka yi lalata da yara zuwa wuraren aiki. Na yi imani da a ce ya faɗi wannan ranar 9 ga Janairu, tare da fayilolin a kan tebur, da labarin ya bi wata hanya, ko da kujerar ba ta tsira ba. A Nuwamba ta zama ihu bayan hari. A farkon Disamba wasu dubban shafuka suka sake fitowa bisa umarnin kotu, limamai 58 na dayosis suka sa hannu kan wasiƙar neman ya sauka, kuma cikin kwanaki ya sauka.

A Yulin 2003 antoni janar na jihar, Thomas Reilly, ya fitar da rahoton bincikensa. Fayilolin dayosis da kansu sun nuna mutum 789 da suka kai ƙorafi tun daga 1940, a kan limamai 237 da wasu ma'aikatan coci 13, kuma ya ce ainihin adadin waɗanda aka cuta mai yiwuwa ya wuce 1,000. Bai gurfanar da ko bishop ɗaya ba, domin dokar jihar a wancan lokaci ba ta wajabta wa malaman addini kai rahoto ba. Sai a 2002 aka saka su cikin dokar.

Wanda ya gaji kujerar

Seán O'Malley ya kama aiki ranar 30 ga Yulin 2003. Ɗan zuhudu ne na Kafucin, mai yawo da doguwar riga ruwan ƙasa da takalmin sandal, kuma shi aka tura Fall River a 1992 bayan rikicin Porter. Bai fi Law iya zance ba. Bambancin shi ne ya riƙa yin abubuwan da mutum zai iya gani ya auna da kansa. Ya canza lauyan da ke jagorantar shari'o'in, ya halarci zaman sulhu da kansa, kuma cikin makonni 6 aka cim ma yarjejeniyar dala miliyan 85 da mutum 552. Ya ƙi zama a katafaren gidan Kadinal da ke Brighton, ya tare a gidan limamai na babbar majami'a, sannan aka sayar wa jami'ar Boston College gidan da filayensa don biyan diyyar. Wannan ya amsa tambayar da ke bakin kowa, ko da kuɗin baiko za a biya, da abin da ya fi rantsuwa ƙarfi. A 2006 dayosis ta buga lissafin kuɗinta da abin da rikicin ya ci. A Afrilun 2008 ya kai wasu daga cikin waɗanda aka cuta suka gana da Fafaroma Benedict na 16 a Washington, ya miƙa masa littafi mai ɗauke da sunayen farko na mutum sama da 1,000.

Ba a ce tsugune ta ƙare ba. Rufe majami'u da dama da aka sanar a 2004 ya sake ɓata tsakani, har wasu mabiya suka yi zaman dirshan a cikin cocinsu na shekaru. A wannan shekarar kuma Roma ta ba Law shugabancin babbar majami'ar Santa Maria Maggiore, kuma a Boston an ji wannan naɗi a matsayin sanarwa, ko da ba haka aka nufa ba.

Sai maganar sunaye, wadda ita ce mafi wuya, kuma ba na ganin akwai wanda zai ce tana da sauƙi da gaskiya. Zargi ba hukunci ba ne. A 1993 an zargi Kadinal Joseph Bernardin na Chicago, ya fito ya amsa tambayoyin 'yan jarida, mai zargin ya janye a 1994. A Boston ma, a cikin zafin 2002, an dakatar da wani babban masanin shari'ar coci na dayosis kan zargin da daga baya ya rushe, aka mai da shi aiki bayan sunansa ya zagaya gari. Idan an shafa wa mutum irin wannan kashin kaji, wanke shi ba ya cika fita. Don haka dayosis tana da dalilin yin taka-tsantsan. Matsalarta ita ce, hujjar kare sunan wanda ba a tabbatar wa laifi ba ita ce dai hujjar da aka fake da ita shekaru 40 ana ɓoye waɗanda suka amsa laifinsu da bakinsu. Ta riga ta kashe wannan hujja a inda bai dace ba, da ta zo bukatarta a inda ya dace, mutane ba su yarda ba.

Ranar 25 ga Agustan 2011 O'Malley ya wallafa sunayen limamai 159 na dayosis da aka zarga, an rarraba su: waɗanda aka samu da laifi, waɗanda aka tuɓe, waɗanda shari'arsu ke gudana, waɗanda suka rasu, da wani jerin dabam na waɗanda zargin bai tabbata a kansu ba. Ya kuma faɗa a fili cewa akwai wasu 91 da bai saka ba, yawancinsu sun rasu kafin a binciki zargin kuma sunansu bai taɓa fita ba. Wannan kaɗai sabon abu ne: dayosis ta faɗi girman abin da ta riƙe, da dalilinta, maimakon ta bari a gano. Limaman ƙungiyoyin zuhudu da waɗanda suka zo aiki daga wasu dayosis ma ba su shiga ba, bisa cewa hukuncinsu yana hannun shugabanninsu.

Antoni janar ta lokacin, Martha Coakley, ta soki wannan giɓi, haka ma ƙungiyoyin waɗanda aka cuta. Hujjarsu ita ce, yaron da aka cuta bai san ko fadan na dayosis ne ko na zuhudu ba, fada kawai ya sani. Kuma mutum da yawa ba sa iya buɗe baki sai ranar da suka ga sunan a rubuce suka gane ba su kaɗai ba ne. Wanda ya duba jerin dayosis bai ga sunan da yake nema ba, yakan koma ga jerin BishopAccountability, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a yankin Boston a 2003, wadda ta tattara nata sunayen daga takardun kotu da rahotannin jaridu. Nata jerin ya fi na dayosis tsawo.